Akashi na roba: jirgin masu gyara a cikin kwali

Abokan sana'ata a Panteka sun yi mamaki da suka ga abin da na yi oda ta intanet: kwali ɗan siriri, cike da gutsattsarin roba masu launin toka da ake harhaɗawa su zama jirgin ruwa. Akashi ne, jirgin gyara na sojan ruwan Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, an ƙanƙanta shi sau 700. Na gaskiyar mita 158 da rabi ne. Nawa bai kai santimita 23 ba.

Na zaɓe shi ne saboda aikinsa irin nawa ne. A Sasebo ta Japan aka ƙera shi, aka gama a Yulin 1939, aka zuba masa injinan yanka da sarrafa ƙarfe 114, da yawansu daga Jamus, da ma'aikatan gyara 433 ban da matuƙa. Panteka ce sukutum a kan teku. Daga 1942 ya yada zango a tsibiran Truk na tekun Pasifik, jiragen da aka yi wa rauni suna raɓo jikinsa. Shi ya yi wa jirgin yaƙi Mogami faci bayan yaƙin Midway, shi ya duba babban jirgin yaƙi Yamato da bam ɗin ƙarƙashin ruwa ya huda shi a Disambar 1943. Harin Amurka na Fabrairun 1944 ya ji masa ciwo, ya lallaɓa tsibiran Palau, can aka nutsar da shi ran 30 ga Maris.

Zubin robar ya burge ni ƙwarai. Ɓangarorin jikin suna kama juna tsaf, samfefa kaɗan na goga a bakin haɗin. Abin da ya fi faranta mini rai bututun hayaƙi biyun nan: na gaba na maƙerun cikin jirgin ne, na baya na injinan dizal. Duk wanda ya taɓa narka ƙarfe a rufaffen wuri ya san dalilin ware wa wannan hayaƙin hanyarsa.

Wahalar tana wajen injinan ɗaga kaya. Hannayensu sirara ne matuƙa, ɗaya ya iso mini a karye tun cikin leda. Sai da hantsaki da sabuwar reza, da haƙuri. Kuma babu gam babu fenti a kwalin, mai sayarwa bai faɗa ba. Gam mai saurin kamawa da ake samu a kasuwar Sheikh Gumi yana yi, amma da tsinken sakace za ka ɗiga shi, in ya yi yawa sai ya bar farin tabo. Bayanin da Japananci yake, zanen da lambobin sun wadatar. In hunturu ne, ka kifa roba a kansa bayan fenti, don ƙura ba ta jira.

Ƙorafina babba shi ne ba a nuna cikinsa ba. Ga bindigogi, ga ƙananan jiragen da ke bisansa, amma ɗakin walda da na zubi, inda ainihin aikin yake, a rufe suke ruf. Na so ko murfi ɗaya a buɗe.

Kada a saya wa ƙaramin yaro, gutsattsarin za su iya shiga baki. Bakanike ko mai walda da hannunsa ba ya rawa zai more kuɗinsa, sai dai ya tambayi mai sayarwa ya duba masa hannayen injinan ɗaga kayan kafin a naɗe.