Kafin ka zaɓi kalandar taruka ta shafinka, duba abin da ke faruwa idan an danna

Duk mai shafin intanet da ake sanar da taruka a ciki, na makaranta ne ko na ƙungiya ko na kamfani, wata rana sai ya nemi kalanda da zai saka don mutane su ga ranaku su kuma danna su ga cikakken bayani. Yawanci abin da ake dubawa wajen zaɓe shi ne kyanta da kalolinta da kuma ko kyauta ce ko ta kuɗi. Ni kuwa so nake ka fara da wata tambaya daban: idan mutum ya danna kan taro, ina bayanin yake fitowa? Don akwai kalandun da bayanin ke fitowa a wata 'yar taga mai ɓullowa daban da shafin, kuma irin wannan tagar ce burauza ke toshewa, sai mutum ya danna ya danna bai ga komai ba, ya ɗauka shafin ne ya lalace ya kama gabansa, kai kuma ba ka ma san an yi ba tunda a kwamfutarka komai na buɗewa lafiya lau.

Wannan toshewar fa ba sabon abu ba ce. Tallace-tallace ne suka addabi mutane da tagogi masu faɗowa ba a gayyace su ba har masu burauza suka ɗau mataki, Internet Explorer ya samu abin toshe su a 2004 tare da sabuntawar Windows XP ta biyu, Firefox 1.0 ma da ya fito a Nuwamban wannan shekarar da nasa ya zo, yau kuma Chrome da Safari da Edge duk a kunne yake zuwa tun daga farko, ba sai mutum ya taɓa saiti ba. Ƙa'idar da suke bi ita ce, idan mutum ya danna abu da hannunsa taga ta buɗe nan take, a bar ta, idan kuma ta buɗe da kanta ko ta makara bayan dannawar, a toshe. To nan ne kalandu da yawa ke faɗawa rami, don da ka danna taron sai manhajar ta fara zuwa saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin, ta ɗauko bayanin tukuna sannan ta nemi buɗe tagar, in netwok na da ƙarfi abin ya wuce, in yana jan ƙafa lokacin da burauza ta ware ya ƙare, sai ta ɗauki tagar a matsayin talla ta rufe mata ƙofa. Shi ya sa za ka ji wani ya ce yana buɗe masa wani ya ce ba ya buɗewa alhali shafi ɗaya ne. Safari ta fi sauran tsanani a wannan wajen, ga kuma 'yar burauzar da ke cikin manhajoji irin su Facebook da Instagram, wadda ita ma ba a cika dogara da ita wajen buɗe sabuwar taga ba.

Saboda haka zaɓi na farko, wato kalandar da ke buɗe taga daban, ni dai ba zan ba ka shawarar ka saya ba ko nawa aka rage maka. Wasu masu sayarwa za su ce ai da sauƙi, ka rubuta a sama cewa masu ziyara su kashe abin toshewar. Gaskiya wannan ba magani ba ne. Yawancin mutane ba su san inda saitin yake ba, wanda ke amfani da kwamfutar wurin aiki ma sau da yawa an kulle masa saitin ba shi da ikon canzawa, kuma bai kamata ka ce wa mutum ya sauke kariyarsa don kawai ya san ƙarfe nawa za a fara taro ba.

Na biyu shi ne akwatin da ke fitowa a cikin shafin kansa, baya ya ɗan yi duhu, bayanin ya fito a tsakiya da ɗan maɓallin rufewa. A ido kamar taga mai ɓullowa ne amma a wajen burauza wani yanki ne na shafin kawai, don haka abin toshewar ba ruwansa da shi. Wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma tun Maris 2022 da Firefox da Safari suka bi sahun Chrome wajen karɓar alamar HTML da ake kira dialog, yin sa yadda ya kamata ya zama da sauƙi. Sai dai fa akwai na kirki akwai na jeka-na-yi-ka. Na kirki idan ya buɗe, mai amfani da kibod kaɗai zai iya shiga cikinsa ya karanta ya danna Esc ya rufe ya koma daidai inda yake, makaho mai amfani da manhajar karanta allo irin su TalkBack ko VoiceOver ko NVDA zai ji an sanar da shi cewa akwati ya buɗe a kuma karanta masa abin da ke ciki. Wanda aka yi da gaggawa kuwa akwatin zai fito a allo amma manhajar karatun tana can tana karanta abin da ke bayansa, a waya kuma maɓallin rufewar ya ɓuya a sama inda yatsa ba ya kaiwa ko rubutun ya yi tsawo ya ƙi ja ƙasa. Wani abin kuma, masu saka manhajar toshe talla irin uBlock Origin suna iya kunna jerin da ke ɓoye akwatunan da ke damun mutane, wani lokaci ya haɗa da naka in ya yi kama da su. Babbar matsalarsa dai a wurina ita ce in akwatin ba shi da adireshinsa na kansa, ba yadda za a yi mutum ya tura wa abokinsa taron, sai dai ya tura kalandar gaba ɗaya ya ce masa nemi ranar kaza.

Akwai ƙanin wannan da ke fitowa idan ka ɗora mawus a kan taro ba tare da ka danna ba. Waya ba ta da mawus, magana ta ƙare. In ƙari ne kawai ba laifi, amma kada ya zama ita ce kaɗai hanyar ganin bayani. Ƙa'idojin WCAG 2.1 na 2018, masu nuna yadda za a sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, ma sun ce irin wannan bayanin dole a iya kawar da shi, kuma kada ya ɓace yayin da mutum ke ƙoƙarin karantawa.

Na uku shi ne wanda na fi so kuma shi nake so ka nema: kowane taro da shafinsa da linkinsa. Mutum ya danna, shafi ya buɗe kamar kowane shafi, ga suna ga rana ga lokaci ga wuri ga yadda ake rajista, ya gama ya danna baya ya koma kalanda. Babu abin da za a toshe tunda linki ne na yau da kullum, ko da a sabon tab aka sa ya buɗe ma burauza ba ta hana linkin da mutum ya danna da kansa. Ana iya tura shi a WhatsApp ya fito da suna da hoto, ana iya ajiye shi, ana iya buga shi a takarda, manhajar karanta allo ta san yadda za ta bi shi. Google ma a sharuɗɗansa na nuna taruka a sakamakon bincike cewa ya yi kowane taro ya kasance da adireshinsa daban, ka ga riba biyu ke nan. Aibinsa ɗaya, wanda ke son leƙa taruka biyar sai ya yi ta shiga da fita, a netwok maras ƙarfi hakan na da ɗan gajiyarwa. Shi ya sa mafi kyau shi ne a haɗa biyun, akwati ya nuna taƙaitaccen bayani amma a ƙarƙashinsa akwai linki na gaske zuwa shafin taron, ta yadda ko akwatin ya ƙi aiki mutum zai isa.

To a kasuwa wa ke yin wanne? Idan shafinka na WordPress ne, The Events Calendar na ba kowane taro shafinsa tun a sigar kyauta, da maɓallin saka taron a kalandarka, sigar kuɗi ce ke ƙara abubuwa irin taron da ke maimaituwa duk mako. FullCalendar kuma ba abin da za ka saka ka tafi ba ne, kayan aikin JavaScript ne na masu gina shafi, asalinsa kyauta, kuma idan aka ba taro adireshi to dannawa na kai mutum can kai tsaye, sai dai mai ginin na iya canza hakan ya sa ya buɗe taga daban, don haka idan wani ka ɗauka ya yi maka aikin ka faɗa masa ɓaro-ɓaro tun kafin ya fara cewa linki na gaske kake so. Google Calendar da ake liƙawa a cikin shafi shi ne mafi sauri da araha, ka kwafi 'yan layuka ka saka shi ke nan, dannawa na nuna ƙaramin akwati a cikin kalandar da ka liƙa ba taga daban ba, amma dole ka mai da kalandar ta kowa da kowa in ba haka ba baƙi ba za su ga komai ba, ba ka da iko sosai kan kamanninta, a ƙaramin allo jadawalin wata yana matsewa sai ka zaɓi a nuna shi jere, kuma taron ba shi da shafi a gidanka, na Google ne. Ga ƙaramar ƙungiya mai taro jefi-jefi ya wadatar. Outlook ma na bari ka wallafa kalanda ya ba ka linki biyu, ɗaya na kallo a burauza ɗaya na ICS, wato tsarin fayil da manhajojin kalanda ke karantawa, ka kuma zaɓi ko cikakken bayani za a gani ko suna da wuri kawai, illa dai a asusun wurin aiki mai kula da tsarin na iya hanawa.

Tunda na ambaci ICS bari in tsaya a kansa kaɗan don mutane na raina shi. Tsarin iCalendar ne, tun 1998 ake da shi aka sabunta a 2009, kuma Google Calendar da Outlook da kalandar Apple duk suna karanta shi. Amfaninsa shi ne bayanin taron ya bar shafinka ya shiga wayar mutum, ranar taro ba sai ya sake buɗe burauza ba balle a yi maganar toshewa, wayarsa ce za ta tuna masa. Iri biyu ne amma, akwai fayil da mutum ke saukewa sau ɗaya wanda in ka canza lokaci daga baya ba zai sani ba, akwai kuma linkin da yake bi wanda ke sabuntawa da kansa, shi ma ba nan take ba, a Google yana iya ɗaukar awanni masu yawa kafin canji ya bayyana, don haka in ka ɗage taron gobe kada ka dogara da shi kaɗai, aika saƙo. Ka kuma tabbata fayil ɗin na ɗauke da yankin lokaci, in ba haka ba wanda ke wata ƙasa zai iya zuwa taron intanet bayan an tashi.

Kafin ka biya ko sisi ka buɗe samfurin da mai sayarwa ya saka ka gwada da kanka, a waya ba a kwamfuta kaɗai ba, da saitin burauza yadda ya zo ba ka taɓa komai ba, in da hali a iPhone da Android duka kuma a lokacin da netwok ba shi da ƙarfi. Danna taro ka ga ko adireshin da ke sama ya canza ko akwai linkin da za ka iya kwafa, tura shi ga wani ya buɗe daga cikin manhajar hira ka ji ko taron ya gani ko kalandar gaba ɗaya. A kwamfuta ajiye mawus gefe ka bi da maɓallin Tab da Enter da Esc kaɗai. In ka ga 'yar sanarwa a saman burauza cewa an toshe taga, ko mai sayarwar ya fara yi maka bayanin yadda masu ziyararka za su canza saitinsu, ka yi masa godiya ka duba na gaba.