Winrevair: Allurar Tana Aiki, Amma Hanyar Zuwa Gare Ta Da Nisa

Hawan jinin huhu daban yake da hawan jinin da ake aunawa a dantse. Ƙananan jijiyoyin huhu ne ke kauri su tsuke, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama har ya gaji. Sai ka ga magidanci ya taka daga gida zuwa masallaci yana haki, ƙafa ta kumbura, a yi ta ba shi maganin asma a banza.

Winrevair, wato sotatercept na kamfanin Merck, maganin allura na wannan ciwo, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a Maris 2024. Tsofaffin magunguna buɗe jijiya suke yi, shi kuwa kaurin bangon jijiyar yake taɓawa. A gwajin STELLAR na mutum 323, tazarar da masu allurar ke takawa cikin minti 6 ta ƙaru da kusan mita 41 fiye da ta waɗanda ba su samu maganin ba a mako 24. Ga mai wannan ciwo, ba ƙaramin abu ba ne.

Ana yin allurar a ƙarƙashin fata duk mako 3. A fara da miligiram 0.3 kan kowane kilo, sannan 0.7. Mai kilo 60 zai fara da 18, ya koma 42, wato kwalba ɗaya ta miligiram 45. Kafin kowace allura cikin biyar na farko sai an yi gwajin jini, domin tana sa jini ya yi kauri, tana kuma rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubarsa. Haɓo na daga cikin abin da aka fi gani. Mai ciki ba ta yi, kuma mace za ta tsare ɗaukar ciki har wata 4 bayan ta ƙarshe.

A Gombe, wahalar tana farawa tun kafin kuɗi. Hoton zuciya zato kawai yake bayarwa. Tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiya an auna matsin huhu. Da yawa cikin masu wannan matsi a nan, daga lalacewar ƙofofin zuciya, tabon tarin fuka ko amosanin jini ya samo asali, kuma ba don su aka yi allurar ba. Masu ƙanjamau ma ba a sa su a gwajin ba. Ga firji: digiri 2 zuwa 8 ake so, da irin wutarmu da zafin Afrilu. A 2024, farashin kwalba ɗaya a Amurka ya kai kusan dala 14,000.

Kuma allurar ƙari ce a kan tsofaffin magunguna irin su sildenafil da bosentan, ba madadinsu ba. Don haka a fara ganin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a tantance nau'in ciwon. In ya rubuta sildenafil, miligiram 20 sau uku a rana, a sha shi kan ƙa'ida ba kunya, don mutane na yi masa kallon maganin maza. Mai shan bosentan kuma ya riƙa gwajin hanta duk wata.