Rumbun bayanai: kafin ka biya, tambayi wa zai amsa kira

Mun taɓa sayen rumbun bayanai daga wani kamfani, yana aiki lafiya lau har ranar da muka sabunta Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da uwar garkenmu (kwamfutar da rumbun yake kai). Binciken da a da yake fitowa kafin ƙiftawar ido ya koma tafiyar hawainiya. Muka tura ƙorafi, aka ba mu lambar tikiti, daga nan suka yi kunnen uwar shegu. Da suka waiwayo, cewa suka yi laifin Linux ne. Tun daga lokacin, abin da nake fara dubawa shi ne inda ake kai kuka.

Shi ya sa nake tare da rumbun bayanai na PostgreSQL. Asalinsa aikin Michael Stonebraker ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, kuma babu kamfani ɗaya da ya mallake shi. Kowace shekara ana fitar da babban sigo, kowanne ana kula da shi shekara 5. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɓoye matsala. A 2018 da aka gano cewa idan ajiye bayanai a faifai ya gaza a Linux ana iya yin asara ba tare da an sani ba, a bainar jama'a aka yi ta musu da masu gina Linux har aka gyara. Idan mai ba ka tallafi ya yi sanyi, ka koma wajen wani, bayananka na nan.

A sauran rumbunan, MySQL yana hannun kamfanin Oracle tun 2010. Wanda hakan bai kwanta masa ba sai ya duba MariaDB, wanda aka tsiro da shi daga MySQL. SQL Server na Microsoft ya shigo Linux a 2017, amma da lasisin kamfanin ake amfani da shi. SQLite kuwa na ƙaramin aiki ne.

Sai dillalai. Wanda ya ce maka "tallafi dare da rana", ka ce ya nuna maka a takarda: alkawarin amsawa ne ko na gyarawa? Saƙon "mun samu ƙorafinka" ma amsa ce a wurinsu. A rubuta sunan babbar manhajarka da lambar sigonta a yarjejeniya, don da wannan ƙofar suke zillewa. Masu sayar da lasisi da arhar banza, sau da yawa lasisin na sata ne, ranar matsala kamfanin zai ce bai san ka ba. Kuma kada ka yarda da gwajin da aka yi a na'urarsu. Ka ɗora naka bayanan a taka na'urar, ka tura musu tambaya mai wuya tun kafin ka sa hannu, ka ƙirga kwanakin da za ta yi.