Sharhi kan allon nuna ci na filin ƙwallonmu: wayoyin wuta da na saƙo

Allon lantarki da ƙungiyarmu ta saya domin nuna ci da lokaci a filin ƙwallon unguwa, nan Maraɗi, ya riga ya sha zafin bazara da ruwan damina a waje, saboda haka zan iya faɗin ra'ayina a kansa. Farantan fitilunsa irin P10 ne, wato masu tazarar milimita 10 tsakanin fitila da fitila, kowanne santimita 32 a 16, ja zalla, kuma ana karanta lambobin daga ɗaya ƙarshen fili ko da rana tsaka. A nan ba ni da ƙorafi. Abin da ya bambanta aikin kirki da na ganin ido yana bayan allon ne, inda wayoyi suke.

Ta fuskar wuta, masu haɗawar sun cancanci yabo. Kuran mai volt 220 yana shiga akwatin baya, inda wasu na'urori masu amfiya 40 suke mayar da shi volt 5, wanda shi kaɗai fitilun suke ci. Maimakon su jera farantan a kan waya ɗaya, kowane ya karɓa daga maƙwabcinsa, sai suka ja wa kowane faranti biyu tasu waya mai kauri kai tsaye daga na'urar. Dalili kuwa shi ne, a volt 5 ko rabin volt ya ɓace a hanya, farantan ƙarshe za su dushe, allon ya fito rabi da haske rabi kamar an shafa masa toka. Sun kuma kafa sandar tagulla mai zurfi a ƙasa, domin rairayin garin nan idan ya bushe ba ya ɗaukar wuta da kyau, sannan suka sanya na'urar kare tsawa kusa da makunni. Duk tsawar watan Agusta, da yawan komawa kan janareto idan wuta ta ɗauke, babu abin da ya ƙone.

Wayar saƙo ce ta ba mu wahala. Teburin mai riƙe da lokaci yana nesa da allon fiye da mita 100, wanda shi ne iyakar da wayar Cat6, irin wadda ake haɗa kwamfutoci da ita, take kai saƙo lafiya, amma duk da haka ita suka ja, kuma don tsimin haƙa suka cusa ta cikin tiyo ɗaya da wayar kuran. Sakamakon haka lambobi suka riƙa tsalle, agogo ya tsaya cak ana tsakiyar wasa, 'yan kallo suna ta yi wa alƙalin wasa ihu alhali ba laifinsa ba ne. Sai da muka matsa, suka dawo suka haƙa wani rami daban, suka sauya katin da ke sarrafa allon zuwa mai RS-485, wani tsarin aika saƙo ta waya, wanda saƙonsa kan kai kusan mita 1,200 a kan tagwayen waya murɗaɗɗiya mai rufin kariya. Tun daga nan matsalar ta kau, sai dai kuɗin gyaran daga aljihunmu ya fita, abin da nake ganin bai dace ba.

Wayoyin duka ta ƙasan akwati suke shiga, an lanƙwasa su yadda ruwa zai ɗiga kafin ya kai bakin hudar akwatin, kuma wannan ya yi amfani. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe ragar fanka, kuma faffaɗan wayoyin nan masu haƙora 16 da ke haɗa faranti da faranti sukan saki, sai an hau tsani an danna su.

Zan iya ba wata ƙungiya shawarar sayen irinsa, da sharaɗin a auna tazarar teburi da allo, a kuma rubuta tiyo biyu, na wuta daban na saƙo daban, cikin yarjejeniya kafin a biya kafin alƙalami. Har yanzu ba su ba mu zanen wayoyin ba, littafin da ya zo da allon kuma Sinanci da Ingilishi ne kawai, babu Faransancin da mai gyaran wutarmu yake karantawa.