Sharhi: littafin ya fi ƙarfi a lokacin da jarumin yake jin tsoro

Ban cika son labarin da ake fara ruwan harsashi tun shafin farko ba, amma wannan ya riƙe ni, kuma har yanzu ban gama jayayya da shi a raina ba.

Labarin wani magidanci ne, injiniyan da ke kula da lantarki da lifta da na'urorin sanyaya iska a wata katafariyar cibiyar kasuwanci. Ranar hutunsa ce. Matarsa ta shiga cibiyar da 'ya'yansu biyu, yarinya 'yar shekara 14 da ƙaninta ɗan shekara 3, shi kuma yana waje yana neman wurin ajiye mota. Sai 'yan bindiga suka kutsa. Jami'an tsaro suka killace wurin, aka kora kowa baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: duk cikin mutanen da ke tsaye a waje, shi kaɗai ya san kowace ƙofar baya da kowane lungu na ginin, amma babu mai sauraronsa. Marubucin bai ambaci sunan gari ko ƙasa ba, kuma hakan bai rage komai ba.

Masu karatun da na ji ra'ayinsu sun rabu gida biyu. Yawancinsu sun ce rabin farko yana jan ƙafa, sai da uban ya shiga ginin labarin ya yi armashi. Ni akasin haka na gani. Rabin farko shi ne littafin.

Akwai babin da uwar da yaran suke ɓoye a ɗakin ajiyar kaya na wani shagon tufafi. Ta toshe bakin ƙaramin da tafin hannunta, yana cizon ta, hawayensa na bin yatsunta, ba ta saki ba. Tana jin ana buɗe ƙofofin shaguna ɗaya bayan ɗaya, ƙarar na matsowa. A waje kuma mijin yana riƙe da waya, babban yatsansa a kan sunanta. In ya kira, ƙarar wayar za ta iya tona musu asiri. In bai kira ba, bai san ko suna da rai ba. Shafuka da dama ba a harba ko harsashi ɗaya ba, mutum ne kawai tsaye da waya a hannu, amma a nan zuciyata ta fi bugawa. Wannan kuwa ba ƙirƙirar marubuci ba ce kawai. Shawarar da 'yan sandan Birtaniya suke bai wa jama'a idan hari ya rutsa da su ita ce a gudu, in ba hali a ɓuya, sannan a sanar da hukuma, kuma sun nanata cewa wanda ya ɓuya ya kashe ƙarar wayarsa har da girgizarta. Wanda yake ƙaunarka shi zai fara kiranka, kiran kuma zai iya zama ajalinka. Marubucin ya fahimci wannan sosai.

Ya kuma fahimci ɓarnar da watsa labari kai tsaye ke iya yi. Wata tsohuwa da ke kuka ta shaida wa ɗan jarida cewa jikanta ya turo saƙo, suna ɓoye a hawa na uku, kafin a ankara maganar ta fita a talabijin. Wanda ya bibiyi harin Mumbai na Nuwamba 2008, inda mutum 10 suka kashe mutum 166, zai tuna cewa masu ba maharan umarni suna Pakistan suna kallon tashoshin labarai, suna kiransu a waya suna faɗa musu abin da ke gudana a wajen otal ɗin Taj. A littafin ba a zargi tsohuwar ba, kuma na ji daɗin haka. Ba ta yi komai ba sai abin da kowace kaka za ta yi.

Daga lokacin da uban ya sulale ta ƙofar ɗakin janareta ne na fara samun matsala. Shigarsa ba ta dame ni ba, wane uba ne zai tsaya? Yadda ya yi amfani da saninsa ma ya burge ni: ya tsayar da lifta tsakanin hawa biyu, ya kashe fitilun wani ɓangare don mutane su samu su fice a duhu. Wannan aikinsa ne, na yarda da shi. Amma sai ya tsinci bindiga, mutumin da aka gaya mana bai taɓa riƙe ta ba, ya shiga kashe horarrun mayaƙa ɗaya bayan ɗaya, ga harsashi a kafaɗa amma yana gudu yana tsalle. Mutumin da na san tsoronsa ya ɓace, aka maye gurbinsa da jarumin fim.

Masu kare wannan ɓangaren suna cewa ai an taɓa yi. Gaskiya ne, a harin cibiyar kasuwanci ta Westgate da ke Nairobi ranar 21 ga Satumba 2013, wanda ƙungiyar al-Shabaab ta kashe mutum 67, wani farar hula mai suna Abdul Haji ya shiga ginin da ƙaramar bindiga yana neman ɗan'uwansa. Sai dai yana da lasisin riƙe bindigar, kuma bai yi aikin shi kaɗai ba, tare da wasu 'yan sanda masu farin kaya suka yi. Abin da duniya ta san shi da shi hoton nan ne da ya miƙa hannu wata ƙaramar yarinya tana rugowa gare shi. Fitar da mutane ya yi. A Beslan ta Rasha kuwa, a Satumba 2004, mazajen gari ɗauke da bindigogi sun taru a wajen makarantar da 'yan ta'adda suke garkuwa da 'ya'yansu, kuma da abu ya ɓaci a rana ta uku sun shiga harbin, rikicewar ta ƙaru. Mutum 334 suka mutu, 186 daga cikinsu yara. Littafin da ya yi gaskiya haka a farkonsa bai kamata ya bar mai karatu da tunanin cewa uba nagari shi ne wanda ya iya harbi ba. Iyayen da suka tsaya a bayan shinge suna jira, 'ya'yansu ba su fito ba, ba ƙauna suka rasa ba.

Abu na biyu da ya ɓata min rai shi ne maharan. Ba su da fuska, ba su da tarihi, sai ihu da kalmomin addini. Akwai saurayi ɗaya a cikinsu da ya ga ƙaramin yaron, hannunsa ya yi rawa, ya kau da kai ya wuce. Na zaci za a bi shi a gaya mana waye ya ɗauko shi, da me aka yaudare shi. Shafi biyu a gaba aka kashe shi. Ajmal Kasab, wanda shi kaɗai aka kama da rai a Mumbai, shekararsa 21, ɗan talakawa daga wani ƙauye mai suna Faridkot. Sanin haka bai wanke shi ba, amma yana nuna yadda ake samun irinsu, kuma littafin da ke maganar kare iyali ya kamata ya tuna cewa wannan ma ɗan wani ne da aka kasa karewa. Na dai yaba wa marubucin a wuri ɗaya: mutum na farko da aka kashe mai gadi ne Musulmi, dattijo, wanda ya tare ƙofa da jikinsa. Wani rahoton cibiyar yaƙi da ta'addanci ta Amurka na 2011 ya ce a inda aka iya tantance addinin waɗanda hare-haren ta'addanci suka kashe a duniya, kashi 82 zuwa 97 cikin ɗari Musulmi ne. Irin waɗannan littattafan ba su cika tunawa da hakan ba.

Uwar da 'yarta su ma an rage su a rabi na biyu. Yarinyar ce ta yi dabarar da ta fi kowace a littafin, ta tattara wayoyin duk waɗanda ke ɗakin ta kashe, ta bar guda ɗaya. Bayan haka sai aka zaunar da ita tana jiran baba.

Rubutun mai sauƙi ne, babobin gajeru, kowanne da lokacin agogo a samansa, abin da ke sa mutum ya ce bari in ƙara ɗaya. Babin ƙarshe, bayan wata uku, ya dawo da ingancin farko: yaron ya daina magana, uwar ba ta iya zama a ɗakin da ƙofarsa ke rufe, uban kuma ya kasa komawa aiki. Ya yi gajarta ƙwarai. Da an cire fafatawa biyu an ba wannan babin wurinsu, da littafin ya fi haka nesa.

Zan ba babba shawarar ya karanta, musamman mai 'ya'ya. Ban ga dacewarsa ga yara ba. Wanda kuma irin wannan masifa ta taɓa shafarsa ko ta shafi wani nasa, ya sani cewa babin ɗakin ajiyar kayan nan yana da nauyi, gara ya shirya masa ko ya tsallake shi.