Wasiƙa daga Jamus kan zaɓen gilashin kyamara mai janyo nesa

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci abin da kake nema, wato gilashin kyamara mai janyo nesa wanda za ka riƙa ɗaukar 'yan ƙwallo a fili da tsuntsaye a kan bishiya, ba tare da kuɗinsa ya zarce abin da ka tanada ba. Na jinkirta amsa ne domin ban so in ba ka labarin ji-ta-ji-ta, sai da na zagaya shagunan kyamara na garin da nake, na riƙe gilasan da hannuna, na kuma karɓi ɗaya haya na kwana biyu. Abin da zan rubuta maka a nan shi ne abin da idona ya gani game da kayan da kuma yadda ake sayar da su a ƙasar nan.

Ka rubuta cewa kana son wanda lambarsa ta fi girma, kuma a nan ne nake so mu fara gyara magana, domin wannan lambar ta milimita ita ce tarkon da ya fi kama mai ƙaramin ƙarfi. Gaskiya ne cewa gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda abu mai nisa zai cika hoton, amma kyamararka ta Canon tana da ƙaramin sansa, wato ɗan farantin cikinta da hoto ke sauka a kansa, kuma ƙaramin sansa yana ɗaukar tsakiyar hoton ne kawai, shi ya sa ake ninka lambar gilashin sau 1.6 idan ana so a kwatanta shi da babbar kyamara. Ma'ana, gilashin da ya tsaya a milimita 250 zai ba ka faɗin hoto irin na milimita 400, kuma wannan ya isa ka ɗauki mai tsaron raga daga tsakiyar gefen fili. A kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm masu ƙaramin sansa ninkin 1.5 ne, a na Olympus da Panasonic masu sansa mafi ƙanƙanta kuwa ninki biyu ne cif. Saboda haka tun kafin ka kashe ko sisi, kyamarar da ke hannunka ta riga ta biya maka wani ɓangare na nisan da kake nema.

Abin da ke lalata hoton nesa shi ne girgizar hannu, domin gilashin da ke janyo tsuntsu kusa yana janyo rawar hannunka ma tare da shi. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida cewa idan kana kan milimita 400, to saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa, in ba haka ba hoton zai fito da dishi-dishi. A wani ƙaramin shago, dattijon da ke tsaron kanta ya nuna mini wannan ba tare da dogon bayani ba. Ya ɗaura gilashi a kyamara, ya fito da ni bakin ƙofa, ya nuna mini allon sunan titi da ke can tsallaken hanya, ya ce in leƙa in karanta. Da na leƙa sai na ga haruffan suna tsalle kamar ana kaɗa allon, na kasa tsayar da idona a kan ko ɗaya. Sai ya miƙo yatsa ya tura wani ɗan maɓalli a gefen gilashin, ya ce in ɗan danna abin ɗaukar hoto rabi, nan take rubutun ya tsaya cak kamar an kafa shi da ƙusa. Wannan maɓallin na na'urar hana girgiza ne, wadda Canon ke rubutawa IS, Nikon VR, Sony OSS, Tamron VC, Sigma kuma OS. Tun daga ranar na daina kallon duk wani gilashin nesa da ba ya ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan haruffan, musamman ga kyamara irin taka wadda ba ta da wannan na'urar a cikin jikinta.

Sai dai ka san iyakar aikinta. Hannunka take tsayarwa, ba ta tsayar da ɗan wasan da ke gudu, kuma ga wannan sai ka kai saurin ƙiftawa wajen kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, wanda yake buƙatar haske mai yawa. A nan ne maganar ƙofar haske take shigowa, wato kafar da haske ke bi a cikin gilashin, wadda ake aunawa da lambar f: gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ƙofar. Gilasai masu sauƙin kuɗi kusan dukansu ƙofarsu tana tsukewa zuwa f/5.6 ko f/6.3 idan an janyo su ƙarshe, alhali na ƙwararru, irin 70-200mm f/2.8, yana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, amma nauyinsa ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ya ninka na kyamararka sau da dama. Ni da nake ƙasar da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi a watan Disamba, na san zafin wannan tsukewar, domin a lokacin hunturu sai in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har hoton ya yi tsaki-tsaki. Kai da ka ce da rana tsaka da yamma sakaliya kake aikinka, f/5.6 ba zai hana ka komai ba, kuma ban ga dalilin da za ka ci bashi don ƙofar da ba za ka buƙata ba.

Game da kayan kansu, wanda ya fi kwanta mini a rai dominka shi ne Canon EF-S 55-250mm f/4-5.6 IS STM, wanda ya fito a 2013. Nauyinsa giram 375 ne, yana saita hoto shiru ba tare da ƙara ba, gaban gilashin ba ya juyawa idan yana saiti, kuma yana iya ɗaukar abin da ke kusa da kai har santimita 85, wanda zai yi maka amfani ga fure ko ƙwaro. Ka lura cewa akwai tsofaffin samfura biyu masu wannan lambar, na 2007 da na 2011, kuma waɗannan haruffa uku na STM su ne ke bambanta sabon da su. Kusa da shi a kan kanta kusan kullum za ka ga Canon EF 75-300mm f/4-5.6 III, wanda ya fi shi araha, lambarsa kuma ta fi girma, shi ya sa sababbin shiga suke rububinsa. Amma ƙirar 1999 ce, ba shi da na'urar hana girgiza, kuma milimita 50 ɗin da ya ɗara da su ba su kai abin da za ka rasa ba. Idan kana da niyyar komawa babbar kyamara nan gaba, to ka dubi Tamron SP 70-300mm f/4-5.6 Di VC USD na 2010, mai nauyin giram 765, ko Canon EF 70-300mm IS II USM na 2016 idan aljihu ya yarda, domin su biyun suna aiki a ƙaramin sansa da babba, alhali gilashin EF-S, wanda aka ƙera don ƙaramin sansa kawai, ba ya hawa babbar kyamarar Canon mai madubi.

Wanda na karɓa haya shi ne Sigma 150-600mm Contemporary, domin in ga ko ya cancanci a tara kuɗi dominsa. Na kai shi bakin wani tafki da safe, kuma lalle ya kawo mini zalɓe har ina ƙirga gashin wuyansa. Amma nauyinsa ya kusa kilo biyu, bayan awa ɗaya kafaɗata ta fara ciwo, kuma duk lokacin da tsuntsu ya tashi sai in ɓata shi a sararin sama, domin a milimita 600 abin da kake gani ɗan ƙanƙanin yanki ne. Gilashi ne na wanda ya riga ya ƙware a bin abu mai motsi, wanda kuma yake da mazauni mai ƙafa uku na ɗora kyamara. Su kuwa masu haɗa komai a jiki ɗaya, irin 18-300mm, suna da daɗin tafiya, sai dai a ƙarshen nisansu hoton yakan yi laushi, kuma ƙarshen nisan shi ne abin da kai kake saye.

Abokinka mai Nikon da ka ambata, ka gaya masa cewa AF-P DX 70-300mm f/4.5-6.3G na 2016 ya zo iri biyu, mai VR da marar VR, kuma kamanninsu ɗaya ne, saboda haka ya karanta jikin gilashin da kyau. Haka kuma gilasan AF-P ba sa saiti a tsofaffin kyamarori irin D90 da D3100 da D5100, don haka ya tabbatar da samfurin tasa tukuna.

Yanzu ga yadda ake ciniki a nan, wanda a ganina ya kai kayan kansu muhimmanci. Manyan kantunan kayan lantarki suna da sababbin kaya a kwali, amma zaɓinsu kaɗan ne, kuma sau da yawa ma'aikacin da zai tare ka shi ne mai sayar da talabijin da firiji, ba lalle ya san bambancin EF da EF-S ba. Shagunan da suka keɓanta da kyamara su ne suka fi burge ni, domin suna barin mutum ya ɗaura gilashi a kyamararsa ya gwada, kuma yawancinsu suna da kabad na kayan hannu da suka duba suka ba su daraja, daga wanda yake kamar sabo zuwa wanda ya sha jiki. Tun da mutane da yawa suka koma kyamarori marasa madubi, bayan Canon da Nikon sun fito da sababbin mahaɗansu (zoben da gilashi ke hawa) na RF da Z a 2018, waɗannan kabad ɗin sun cika da gilasan tsohon mahaɗi masu lafiya, kuma wannan sauyin riba ce ga mai ƙaramin ƙarfi irinmu.

Doka ma tana da nata tasirin a kan ciniki. Idan ka sayi sabon kaya daga ɗan kasuwa a Tarayyar Turai, alhakin duk aibin da ya zo da shi yana wuyansa har shekara biyu, a kayan hannu kuwa dokar Jamus ta yarda a rage wa'adin zuwa shekara ɗaya. Idan ta intanet ka saya daga kamfani, kana da kwana 14 da za ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, amma wanda ya shiga shago da ƙafarsa ba shi da wannan haƙƙin sai dai in mai shagon ya yi masa alfarma. Mutum na kansa da ke sayar da kayansa kuwa yana iya rubuta cewa ya cire hannunsa daga kowane alhaki, kuma kusan dukansu haka suke rubutawa.

Na san wannan ne ta hanya mai ɗaci. A shekarata ta biyu a nan na sayi gilashi daga wani mutum da ya tallata shi da araha, muka haɗu a tashar jirgin ƙasa da magariba, na duba jikinsa na ga babu ƙwarzane, na biya na tafi. Bayan kwana uku na lura duk hoton da na ɗauka ta fuskar rana yana fitowa kamar an shafa masa hazo. Da na kai wa mai gyara, sai ya cire murafen biyu, ya haska ƙaramar tocila ta baya, ya ce in leƙa ta gaba. A ciki na ga wasu fararen zare sun bazu daga gefe kamar saƙar gizo-gizo, ya ce funfuna ce da laima ta haifar, kuma kuɗin buɗewa a wanke zai kusa kuɗin sayen wani. Aikin hannu yana da tsada ƙwarai a ƙasar nan, shi ya sa ƙaramin gilashi idan ya lalace ba kasafai ake gyara shi ba. Tun daga nan ba na sayen gilashi sai da tocila a aljihuna: in haska cikinsa, in murɗa zoben janyowa daga farko zuwa ƙarshe in ji ko yana cijewa, in saurari injin saiti, in duba ƙananan ƙarafan lantarki na bayansa, sannan in ɗauki hoton rubutu a ƙarshen nisa in faɗaɗa shi in ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi. 'Yar ƙura a ciki ba abin damuwa ba ce, kusan kowane gilashi mai shiga da fita yana shaƙar ta, kuma ba ta bayyana a hoto.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, tun da kayan zai tsallaka iyaka kafin ya iso ka. Garantin kamfani sau da yawa na yankin da aka sayi kaya ne, kuma ko haƙƙin da doka ta bayar, sai an dawo da gilashin wurin mai shagon kafin ya yi amfani, abin da ba zai yi mana sauƙi ba idan ya riga ya bar Turai. Saboda haka ban ga hikimar biyan kuɗin sabo don takardar da ba za ta bi ka ba. Shawarata ita ce in sayi na hannu daga kamfanin da ke sayarwa ta intanet, in yi amfani da kwana 14 ɗin nan wajen gwada shi sosai a wata kyamarar Canon da maƙwabcina zai ara mini, idan ya nuna wani aibi in mayar, idan ya yi lafiya in aiko maka. Ragowar kuɗin zan saka a hular gilashi, wadda ke tare hasken gefe kuma take kare gaban daga bugu, domin ba a haɗa ta a kwalin wannan samfurin, sai kuma 'yan ƙullin sinadarin shanye laima da za ka riƙa ajiyewa a jakar.

Abu ɗaya ya rage kafin in biya. Ka cire gilashin da ke jikin kyamararka yanzu, ka dubi zoben ƙarfen da yake hawa. Idan ka ga jan ɗigo da farin murabba'i a gefensa, to EF-S zai hau kai tsaye, kuma zan sayi 55-250mm STM ɗin a makon da amsarka ta iso. Idan kuwa ɗan jan layi ka gani, kyamarar mai mahaɗin RF ce, sai mu zaɓa tsakanin ƙara adafta ko neman RF-S 55-210mm. Ka ɗauki hoton zoben da na lambar samfurin da ke gaban kyamarar ka turo mini.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
Yayanka