Fankar lantarki a madadin ta fanbel: wacce za ka saya?

Fankar fanbel da injin take tafiya: ka taka totur ta yi gudu, ka tsaya ta lafa. Shi ya sa tsohuwar Marsandi za ta yi Kano zuwa Kaduna lafiya lau, amma da ta shiga cunkoso a zafin Afrilu sai allurar zafin injin ta fara hawa. Ta lantarki ba ruwanta da totur, ruwan lagireto na kaiwa wajen digiri 90 za ta tashi da cikakken ƙarfinta. Sai dai kafin ka kwance komai, sa bakanike ya duba kulocin fankar, wato abin da ke haɗa fiffikenta da juyin injin. Sau da yawa shi ne ya mutu, kuma mai Hilux da ke jan kaya a rairayi gara ya sake kuloci ya bar fankarsa.

In ka ƙudura sai ka canza, ni dai 'yar Beljiyam nake so, wadda aka ciro daga jikin wata mota da murfinta, musamman ta Volvo 940 ko 850. Gudu biyu gare ta, ƙarami da babba, kuma murfin nan shi ne rabin aikin, don yana tilasta iska ta ratsa duk faɗin lagireto maimakon ta zagaye ta gefe. Ana samunta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Auna tsakanin lagireto da fulin injin kafin ka fita, tana da kauri. Tana kuma cin wuta, saboda haka sai da rile (makunnin da ke ɗaukar wuta mai nauyi), waya mai kauri da fis na amfiya 30 zuwa 40, kuma tsohuwar altaneta mai amfiya 55 za ta ji jiki in ga fitila ga AC.

Spal ta Italiya tana da kyau, kuɗin ne ba na kowa ba.

Siririyar nan mai araha da ake ɗaurewa da robobi ta cikin haƙarƙarin lagireto kuwa, ita ta ƙona ni. Mai shagon ya rantse inci 16 ce mai ƙarfi, ga sitika tana ƙyalli. Wata biyu robar ta cinye bututu, ruwa ya tsiyaye ina tsakar hanya, gaskit ya tafi. Da muka buɗe 'yar motar da ke juya fiffikenta, ba ta fi ta fankar tebur ba.

Ko 'yar Beljiyam ɗin ma ana ha'inci. Akwai wadda ta ƙone aka yi mata sabon naɗi, aka fesa baƙin fenti. Shinshina ta, ƙauri ba ya ɓuya. Girgiza fiffiken, in yana lilo bushin ya tafi. A jona ta a batir a gabanka, kowane gudu daban, ta yi minti biyar, sannan ka taɓa bayanta ka ji ko ta yi zafi da yawa. In mai kaya ya ce batirinsa ba caji, yi gaba. Sa takarda a gaban lagireto bayan an ɗaura: in takardar ta manne, daidai, in iska ta ture ta, an juya waya.

Kuma kada ka yarda mai waya ya ce maka "Alhaji, a yi mata dairek kawai, a cire tamostat." Injin zai daɗe bai ɗumama ba da safe, ya sha mai, fankar kuma ta mutu da wuri. Sayi suwic ɗin zafi a sa mata.